Taragon da Na Yi wa Fure

Anbariyya, Madina
12 ga Rajab, 1419

Zuwa ga Yaya Rabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Iya? Kaltume ta sauka lafiya?

Ni lafiya lau, sai gajiya. Har yanzu ina gidan kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, Alhaji Zainulabideen, dattijon da ke haɗa 'yan ƙananan jiragen ƙasa na wasa irin na Ingila. Idonsa ya yi rauni, ni nake masa fenti. Kullum kala ɗaya, ruwan ƙasa, kamar tsohuwar tukunya.

Ran nan wani tarago ya ba ni tausayi, na yi masa kore da ja, har da fure, yadda ka koya mini a jikin manyan motoci. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya waladi, wannan na lokacin yaƙi ne. An hana su ado don kada jirgin sama ya hango su. Ka kashe fasinjojin nan." Kwana uku ina kankarewa da allura.

Iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare tun Safar. Kullum sai Alhaji ya ce bukra, wato gobe za a sabunta, ni kuma tun maganar furen nake jin nauyin tuna masa. Kada Iya ta ji. Jar hular da ka ba ni tana akwati. In zan fita, jallabiya ruwan ƙasa nake sakawa, in bi gefen bango. Har yau ba ɗan sandan da ya hango ni.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Ƙasimu