Talabijin ɗin da za a saya wa Baba

Yaya,

Ina gaishe ku. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Ni lafiya lau.

Ka tambaye ni game da talabijin ɗin da za a saya wa Baba. Aikina ke nan a masana'anta, in wuni gaban gilasan talabijin takwas ina kwatanta hotonsu.

Kada hasken ya ruɗe ka, a shago ƙure shi ake yi. Ka ce a sa hoto mai duhu: a wata zai fito baƙi ƙirin, a wata toka-toka. Sannan ka duba daga gefe, tunda Baba ba ya barin kujerar bakin ƙofa. Wata daga gefe fuskar mutum dusashewa take. Gilashin kwamfuta na kallon kusa ne, rabu da shi.

Idona na ɗan yin ruwa. Sau biyu talabijin mai tabo ta wuce ni a wurin aiki ban gani ba, sai aka ba ni tabarau, za a sake gwada ni ƙarshen wata. Ba wani abu ba ne, kada Inna ta ji.

In kun saya, ka ɗauko min hoton Baba yana kallo. Ka matsa kusa sosai.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙanwarka