Akuya Ne

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Alhaji Abdulrahim ya amsa. Zai zo daga Kano ranar Alhamis ya ga manhajarmu ta yara da idonsa. Kamfaninsa ne ke raba wa makarantun ƙananan yara tabilet a Kano da Jigawa, kuma in ya ce yana so, to "Taɓa Mu Ji" ta fita daga shagon Akinola ta shiga duniya. Na karanta saƙon a tsaye a bakin titin Samaru, mai keke yana ta danna mini hon.

Akinola ya ce kar na fara rawar kai. Shi da ya bar aikinsa na gyaran kwamfuta saboda wannan abu, ga Ibukun matarsa da tsohon ciki, shi ne zai ce mini kar na yi rawar kai! Shi ya gina manhajar, ni na tsara darussan. Yaro ya taɓa hoto, murya ta faɗa masa sunan abin, ta ba shi ɗan labari. Tun ina koyarwa a ajin reno nake ganin iyaye suna sayen tabilet, amma duk abin da ke ciki Turanci ne da ƙanƙara da 'ya'yan itacen da yaranmu ba su taɓa gani ba. Kasuwar tana nan a buɗe, ba mai tsaron ƙofa.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je Hanwa na gaya wa Goggo. Ita ce muryar. Na gwada tawa tun farko, yara suka watse kamar an buga ƙararrawar tashi. Da na ɗauki ta Goggo Ummukulthum, a ɗakinta, mun rufe taga da bargo, sai ga su sun yi tsit. Ita ta rene ni bayan rasuwar Mama, da irin waɗannan tatsuniyoyin nata, don haka ban yi mamaki ba.

Tana tsince shinkafa ta ce, "Wato har Kano za a ji ni?"

Na ce har Kano, in Allah ya yarda.

Ta ce, "Ni da Allah bai ba ni haihuwa ba, ga shi zan yi 'ya'ya a garin da ban taɓa kwana ba." Sai ta yi dariya don kar na ga idonta. Na yi mata alkawari za a ji muryarta a Kano. Ban san me ya kai bakina ba, amma na yi.

Alhamis, 19 ga Yuni

An yi gwajin a makarantar Madam Winifred da ke Sabon Gari, inda muka saba gwadawa. Yara sun yi abin da suka saba, suna ture juna, kowa so yake ya taɓa akuya. Alhaji yana murmushi, ina kallon murmushin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Sai muryar Goggo ta ce, "Wannan akuya ne."

Murmushin ya tsaya. Ya taɓa kaza da kansa. "Kaza ne." Ya taɓa mota. "Mota ne."

Ya ce, "Malama Naila, ke da kika karanta Hausa a jami'a, akuya ne ko akuya ce?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Na sani mana! Na sani tun ranar da muka ɗauka. Haka Zazzagawa ke magana, ba ruwansu da mace ko namiji a kan akuya da mota. Ni ce fa wadda tun ina sakandare nake gyara wa Goggo magana har ta sa mini suna Malama Ce. Amma ranar ɗaukar murya na bar ta, don in an gyara mata sai ta daburce, daɗin ya tafi.

Alhaji ya ce komai ya yi masa, zanen, wasan, har sunan. Amma ba zai kai wa iyayen Kano abin da za su ce yana ɓata wa 'ya'yansu harshe ba. A gyara kafin sabon zangon karatu, a sa hannu.

Na ce ba matsala, za mu sake ɗauka da ita.

Asabar, 21 ga Yuni

Mun gwada. Na ce, "Goggo, ce za ki ce. Kaza ce."

Ta ce, "Kaza ne, kaza ce, ai ƙwan ɗaya ne."

Ta yi ƙoƙari dai, ta faɗi ɗaya daidai, ta biyu ta koma gida. Na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Ta ce kanta na ciwo, mu bari sai wani satin.

Laraba, 25 ga Yuni

Goggo tana asibiti. Ta faɗi a bakin rijiya da safe.

Asabar, 28 ga Yuni

Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Likita ya ce hawan jini ne da aka daɗe ba a kula ba, ba wani abu da wani ya yi ba. Na tambaye shi har sau nawa, ya gaji da ni. Tana gane mutane, tana bin mu da ido. Magana ce babu. Ta buɗe baki, sauti ya fito rabi, ya tsaya, sai ta damƙe zanin gado da hannun hagu don haushi. Matar da ba ta iya yin shiru ko a gidan makoki.

Bappa ya zo daga Zabi, ya ce a bar wa Allah. Ni ma na bar masa, amma ina jin tsoro ƙwarai.

Alhamis, 3 ga Yuli

Akinola ya zo dubiya da lemo da ayaba. Bai ce komai a kan aiki ba sai da na raka shi bakin ƙofa. Ya ce Alhaji ya kira. Ya ce, "Naila, ki yi haƙuri, amma dole mu yi magana. Ki ɗauka da muryarki. Na Goggo sai mu bar mata a tabilet ɗaya, ba wanda zai taɓa."

Na ce a ba Zariya ta Goggo, a ba Kano tawa. Ya ce ya riga ya tambaya. Alhaji ya ce in ya saya ya sayi sunan gaba ɗaya, ba zai yarda abu ɗaya ya fita da baki biyu ba.

Gaskiyar Akinola. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, gaskiyarsa.

Talata, 8 ga Yuli

An sallamo ta. Na kwaso kayana daga Samaru na dawo Hanwa. Mai gashin ƙashi ta ce a dinga nuna mata abubuwa ana faɗin sunansu, ko harshen zai tuna hanya. Na miƙa mata tabilet ɗin, allon gilashi kamar yadda ta saba kiransa. Ta taɓa akuya da ɗan yatsan hagu, ta ji kanta tana magana. Ta kalle ni, ta sake taɓawa. Ta yi ta taɓawa har caji ya ƙare.

Da yamma ta nuna allon, ta nuna hanyar arewa da haɓarta, ta ɗaga gira. Kano take tambaya.

Na ce ana kai, Goggo.

Juma'a, 11 ga Yuli

Akinola ya kira ni shago yana murna, wai ya samo dabara. A cikin tatsuniyoyin da Goggo ta ba mu akwai "Gizo ya ce", "Ƙoƙi ta ce", ba iyaka. Ya yanko "ce" daga nan ya liƙa a bayan akuya da kaza da mota. Murya tata, kalma ta Kano. Ya ce, "Shike nan, kowa ya huta!"

Na yi tsalle, wallahi. Sai ya kunna.

Ba "ce" ɗaya ba ce. Ta "ya ce" faɗowa take yi ƙasa, tana jiran maganar da za ta biyo baya. "Akuya... ce..." sai shiru. Kamar mutum ya ɗauko zance aka toshe masa baki. Daidai yadda take yi yanzu a kan gado.

Na ce ya kashe. Bai ji ba, yana ta bayanin zai iya ɗaga sautin. Na fizge wayar lasifikar daga bango. Masu sayar da taya na maƙwabta har sun leƙo.

Ya ce, "Abeg Naila, mene ne kuma?" Na fita na tsaya a ƙarƙashin rumfa, ruwa na zuba, har ya tsagaita.

Litinin, 14 ga Yuli

Na ɗauka da muryata. Komai daidai, ce a wurin ce, ne a wurin ne, ko malaminmu na nahawu ba zai sami abin ja da jan biro ba. Mun kai wa yaran Madam Winifred. Sun saurara, sun taɓa, ba laifi. Wata 'yar mitsitsiya mai suna Nonye ta ɗago kai ta ce, "Ina Kaka?"

Madam ta ce yara suna mantuwa da wuri, kar na damu. Ita ma ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Laraba, 16 ga Yuli

Ibukun ta kira ni da kanta. Ba ta roƙe ni komai ba, lafiyar Goggo kawai ta tambaya, ta ce ƙafafunta sun kumbura ba ta iya zuwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gobe Alhaji zai zo da takardu. Zan sa hannu. Na rubuta a nan don kar na canza: zan sa hannu. Goggo ba za ta taɓa sani ba, wa zai je Kano ya dawo ya gaya mata? Sai dai kullum in ta nuna arewa da haɓa ni ce zan amsa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Mun zauna a ofishin Madam. Alhaji ya zo da manajansa, wani mai yawan fara'a. Aka kunna tawa, Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce yanzu aka yi magana. Aka turo mini takarda, biro na hannuna. Sai manajan ya ce, cikin raha, ba da mugunta ba, "Ai gara da kuka cire tsohuwar nan. Ina kuka samo ta ne? Mun yi ta dariya a ofis, mota ne, kaza ne!"

Na ji bakina ya ce, "Muryan Goggona ne."

Haka ya fito. Muryan. Ne. Ni, Malama Ce, a gaban Kanawa. Akinola ya rufe ido.

Na ajiye biron. Na ce da wannan muryar aka gina abin, ita yara ke nema, in za a saya a saya da ita. Na ce yaron da ya ji "akuya ne" ba zai kasa cin jarrabawa ba, ga ni a zaune. Ban yi kyan gani ba ko kaɗan.

Alhaji mutumin kirki ne. Ya ba da haƙuri a kan maganar manajansa, ya yi wa Goggo addu'a. Sannan ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san iyayen da yake sayar wa. Ya tattara takardunsa.

Akinola ya miƙe. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya bar hularsa a kan tebur.

Litinin, 21 ga Yuli

Akinola bai ɗauki wayata ba. Na aika wa Ibukun saƙo, ta amsa da "Allah yana nan". Na cuce su, ba sai wani ya gaya mini ba. Abin da na kasa ganewa shi ne me ya sa nake cin abinci sosai tun ranar.

Asabar, 26 ga Yuli

Akinola ya zo karɓar hularsa da na ɗauko masa, wai. Ya zauna a tabarma ya gaida Goggo, ya daɗe. A zaure ya ce ya koma gyaran kwamfuta da rana, dole. Ya ce Madam Winifred ta yi magana da masu makarantu 'yan'uwanta, na Zabi da Hanwa da wata a Giwa, suna so su gwada a sabon zango. Ƙananan makarantu ne, ba za su kai ko ƙurar abin da muka rasa ba.

Ya ce, "Ban yafe miki ba tukuna fa."

Na ce na sani.

Ya ce, "Ranar Litinin ki zo da wuri. Kuma ki sayo mini wayar lasifika."

Lahadi, 3 ga Agusta

Ibukun ta sauka jiya, mace. Lafiya lau.

Na gaya wa Goggo gaskiya yau da hantsi, ina shafa mata man zafi a hannu. Na ce Kano ba ta yiwu ba. Na ce sai Zabi da Giwa da nan Hanwa, yaran da za ta iya jin ihunsu ta katanga. Na jira ta juya mini baya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja allon gilashinta da hannun hagu ta taɓa hoton.

Leɓenta ya yi ta motsi. Na riƙe numfashi.

"A... ku... ya." Ta huta. "Ne."

Kalmarta ta farko tun faɗuwar. Sai ta tsare ni da ido, gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. Na san wannan kallon, jira take Malama Ce ta yi aikinta.

Na ce, "Akuya ne, Goggo. Taɓa kaza."