Jan Irin Kaka da Fararen Aku

Tsibirin Yamdena, 4 ga Maris

Ɗana Barnabas,

Ina gargaɗinka tun daga farko: kada ka karanta takardar nan kana murmushi, don da hannunka a ciki. Bayan haka ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da matarka Selfina da aikin tashar jiragen ruwa. Tarin nan ya sake ka kuwa? Ni da babanku lafiya lau. Masara ce ba lafiya.

Kyamarar da ka aiko wa ƙanwarka Ursula ta iso, kuma tun ranar gidan nan bai zauna daidai ba. Ka san masara ta fara ƙosawa, lokacin da fararen akun nan masu tukku suke saukowa daga daji. Na ba Ursula gadin safe, wanda kai ka yi shekara shida ba gunaguni. Aikin bai wuce ta zauna a bukka ba, in sun sauka ta ja igiya gwangwanaye su yi ƙara. Ashe kwance igiyar take yi, ta sa rigar ruwanta rawaya ta lafe cikin kara, tana jira su zauna su ci ta ɗauke su hoto. Kwana biyar ana haka. Ba a bakinta na ji ba. Maƙwabciyarmu Usi Dorci ce ta tare ni a ƙofar coci gaban mata, ta ce, "Mama Mina, an ce kin buɗe wa tsuntsaye gidan abinci. Mu masu ƙafa biyu ma za mu iya zuwa?"

Da na tsare Ursula, ta ce masu kare tsuntsaye ne suka sa gasa, wanda ya ci za a kai shi horo birnin Ambon, kuma dole hoton ya nuna aku na daji yana cin abinci. Kawunku Titus ya ce ta ɗaure akunsa na keji a reshe, ta ba shi zangarniya ɗaya a huta. Ta ce wannan ƙarya ce. A nan ban ga laifinta ba, ni na koya mata. Sai dai wadda ta ƙi yi wa baƙi ƙarya a hoto, ta yaya ta iya yi wa uwarta ƙarya kwana biyar?

Gefen gabas na gonar ya tafi. Tsorona jar masarar kakarku, layi shida bayan bukka. Kaf ƙauyen nan babu mai irin sai mu. Gobe ni zan yi gadi.

Mahaifiyarka,
Wilhelmina


Yamdena, 13 ga Maris

Ɗana Barnabas,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi tarin ya yi sauƙi, amma ka ci gaba da shan citta. Ka rubuto cewa in yi haƙuri, yarinya ce mai baiwa. Baiwar ba ta dafuwa a tukunya.

Kwana uku na yi gadi, ko gashin tsuntsu bai faɗo gonar ba. Ran na huɗu aka tashi da ruwa, na ɗauki rigar Ursula na sa. Ka san akun nan suna ajiye ɗaya a kan doguwar bishiya yana duba musu hanya. Yana hango rawaya ya yi kira, sai ga su kamar an zazzage buhun auduga. Sun san mai rigar nan ba ta kora. Na ja igiya, ruwa ya cika gwangwanayen, ba su ce uffan ba. Na fita da sanda ina ihu, wani aku ya karkata kai ya dube ni ya ci gaba da ɓare jar masara da ƙafa ɗaya, kamar ni ce baƙuwar. Santsi ya kwashe ni na zauna a taɓo. Sai da na tuɓe rigar suka tashi.

Ƙanwarka ta biyo ni da abin kari. Ta taimaka, ba zan ɓoye ba, amma sai da ta fara danna abin nan naka sau uku. Zangarniya goma sha ɗaya ta jar masarar muka tsira da ita.

Hoton ya yi kyau, tunda ni ba na ƙarya. Babanku ya daɗe yana kallo, ya ce akun ya fi ni fitowa. Jiya kuma na karɓi takardar gasar na karanta da kaina har ƙasa, abin da Ursula ba ta yi ba. An rubuta sai tsuntsu yana cin abin daji, amfanin gona ba ya shiga. Ta kulle kanta ta yi kuka. Na tausaya mata, amma ban buɗe ƙofar ba sai da ta gama.

Ga dokar da na kafa, kai ma ta shafe ka. Daga ranar da masara ta fitar da gemu har ta hau rumbu, kyamara tana cikin akwatina, makulli a wuyana. Mai son aku ya taka awa uku zuwa daji ya same shi a gidansa, zan ƙulla masa rogo da kifi. Goma sha ɗayan nan suna rataye saman murhu, kuma Ursula ce za ta shuka su, kai da ka aiko kyamara ka zo ka yi mata sharar gona. Wanda bai kori tsuntsu ba, ba zai ci masara a gidana ba.

Ka gaida Selfina.

Mahaifiyarka,
Wilhelmina