Rabin Tanki

Zarƙa, 2 ga Yuni

Ƙanena Awwad,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya tumaki, ya fari? Direban motar dusa ya kawo mini labarin cewa ka kai a-kori-kurar Babanmu wurin mai walda a Safawi, kun yi mata abin da likita ba ya yi wa mai rai. Wai an ƙara mata sifirin uku-uku, an sa mata tayun da suka fi ta girma, har sai an taka dutse ake hawa. Motar da ta girmi aurenka, Awwad. Allah ya jiƙan Baba, da ya gani da ya ɗauka raƙumi ka saya.

Na san rijiyarmu ta ƙafe, na san da tanki za ka riƙa jawo ruwa. Ra'ayina bai sauya ba: ka sayar da tumakin tun da sauran nama a jikinsu. Amma tunda ba ji za ka yi ba, ga abu ɗaya daga littattafan da kake yi mini dariya a kansu. Tankin ruwa ko a cike ake jan sa ko babu komai. In rabi ne, ruwan kai-kawo yake yi a ciki, shi zai tuƙa ka.

Ka gaida Wadha da yara.

Yayanka, Misƙal

*

Sahara, 15 ga Yuni

Yaya Misƙal,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tumaki tamanin da huɗu, ba wadda ta kwanta. Ba zan sayar da abin da Baba ya bari ba don malamin makaranta ya ji tsoro.

Motar tana ja kamar ba ita ba. Rijiyar burtsatse tafiyar awa uku ce, ina zuwa bayan kowane kwana biyu. Illarta ɗaya, tayun nan mai suke sha kamar baƙon da ya kwana da ƙishi. Na cire murfin baya, na cire kujerar fasinja, na ajiye safaya a gida. An gyara mini kafireto, ta ɗan rage ci. Tanki kuwa a cike nake jan sa, sai ka gaya wa littafinka ya kwantar da hankali.

Wadha na gaishe ka, ta ce ka zo ka sha gahawa in takalminka zai yarda da ƙura.

Awwad

*

Zarƙa, 1 ga Yuli

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. To ka cire kujera, ka cire safaya. Saura sitiyari, in ka cire shi za ta fi sauƙi.

Raha nake yi, amma raina ba daɗi. Na je kasuwar dabbobi ranar Juma'a, na ga mutanen da muka sani suna riƙe da igiyar tumaki ba mai tayawa. Tsoho Mufli ya ɓoye fuskarsa da ya hango ni. Kai kana ƙona mai ka kawo ruwa, ruwan ya ƙare ka sake ƙona mai, sama kuma ko gajimare babu. Makarantarmu na neman mai gadi, akwai ɗaki biyu a bayan ofis. Ban ce ka karɓa ba. Na dai faɗa.

Allah ya tsare hanya.

Misƙal

*

Sahara, 24 ga Yuli

Yaya,

Sallama. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Talata ina dawowa da tanki cike, na bi ta tantin Ummu Sattam, matar marigayi Hulayyil. Ba ta roƙe ni ba, ka san ba za ta roƙa ba. Salkarta kawai na gani rataye a turke, ta bushe ta ƙandare, awakinta na lasar inuwar duro. Ta ce, "Sauko ka sha shayi, ɗan Fawwaz," alhali ba ta da ruwan dafa shi.

Na cika mata duro biyar. Wallahi Yaya, ina buɗe famfon tankin, maganarka na cikin kunnena. Amma wa zai wuce da ruwa ta gaban tantin nan, sannan ya zauna cikin maza?

A gangaren kwari ruwan ya bugi gaba, ya dawo ya bugi baya. Tankin ya kife, ya fizge ƙugiyar da ke haɗa shi da motar, ƙashin motar ya karye daidai inda aka yi walda. Taya ɗaya ta fashe, safaya tana gida. Da ƙafa na iso washegari. Kwana huɗu kafin mu samu mai kawo ruwa. Tumaki talatin da ɗaya sun mutu, har da mai baƙin kunnen da Baba yake ba gurasa a hannu. Mai walda ya je ya duba, ya ce fatiha kawai ta rage.

Kana iya yin dariyarka yanzu.

Awwad

*

Zarƙa, 30 ga Yuli

Ƙanena,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu dariya. Na sake duba littafin, bai ce komai game da Ummu Sattam ba. Da ni ne, ina jin da na wuce da tankina cike, shi ya sa ni nake nan kai kake can.

Ɗakunan suna nan. Na sa an share.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama. Za mu iso ranar Alhamis a motar dusa. Tumakin da suka rage na kora su wurin Ummu Sattam. Ita ke da ruwa.

Awwad