Furar Inno da Bindigogi Uku

Wurno,
19 ga Oktoba, 1996.

Zuwa ga Yayana Abdulƙadiri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ruƙayyatu da yara. Allah shi tsare ka bakin aikinka na ɗan sanda can Fatakwal, shi maido mana kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Baba ya ji sauƙin ƙafarsa, har ya koma zama zaure da ɗalibansa. Ƙanwarmu Ladidi ta sauka lafiya can Rabah, an sami mace, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce hancinka ta ɗauko, to Allah shi ba ta haƙuri.

Takardarka ta iso ta hannun direban motar albasa, na kuma karanta faɗan da ka yi mini. Ka ce an gaya maka ba ni da aiki sai littattafan soyayya, tuwo na ƙonewa ina can wata duniya, kuma za su lalata mini kai. Na karɓi faɗan, Yaya, don akwai gaskiya ciki. Amma ka ba ni dama in ba ka labarin abin da ya faru gidanmu sati biyu da sunka wuce, tunda kai masanin bindiga ne, sannan ka yanke hukunci.

Ka san tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya daidaita, Malam maigidana ya mai da hankali ga shinkafa a filin da ke bakin kanal. Bana ta yi kyau ƙwarai. Tana fid da kai kuwa sai ga tsuntsayen nan jan baki, garke garke, in sun taso har inuwa suke yi. Gwangwani da majajjawa sun daina ba su tsoro. Sai Malam ya yanke shawarar neman bindigar ɗuri, albarushi zalla don ƙara, ba don kisa ba. Kafin ka tambaya, an bi hanya, an sanar da hukuma, takardar na cikin akwatinsa. Abin da ya rage shi ne wace za a ɗauka, don hannunsa ne zai harba ta sau ashirin ko fi kowace safiya har a yanke shinkafar.

Bindigogi uku anka kawo. Ta farko doguwar adakar Baffa Shittu ce, ƙanin mahaifin Malam, wadda ya ce a ɗauka kyauta. Ta biyu gajera ce, ƙirar Bube maƙerin unguwarmu, baƙa, mai kaurin baki, ƙotarta kamar muciya. Ta uku wani ɗan kasuwa Zayyanu ya zo da ita daga wajen Achida. Yaya, da Malam ya shigo da ita ciki don in gani, sai da na kasa ɗauke ido daga kanta. Ƙarama, fara tas, ba ta fi ludayi nauyi ba, ƙotarta da zane. Irinta sak nake gani a raina duk sa'ad da jarumin littafi ya zaro tasa daga aljihu. Farashinta ya kusa ninka na ta Bube, amma ni ban ga wannan ba. Kwana huɗu ina yi wa Malam waƙarta: ba ta da nauyi, zai iya bin kunyar fangali da ita hannu ɗaya, ta dace da mutum mai tsabta irinsa, ba wancan guntun ƙarfe ba. Ka san shi da kawaici. Dariya yake yi, amma na ga ya fara karkata, kuma saboda ni ne. Wannan laifin littafi ne, na amsa.

Ran Talata tun hantsi bai yi ba, raɓa na bisa ciyawa, sunka taru bayan gida wajen tsamiya don gwaji. Ni da Inno, goggon Malam, muna leƙe ta ɓular zana. Baffa Shittu ya fara da tasa. Ta tashi sau biyu, ƙarar har kajinmu sunka watse, amma kowane harbi sai ta tura shi baya taku biyu, shi da ke tsaye kan ƙasa busassa. Inno ta ce in Malam ya harba wagga bisa kunya mai santsi, cikin ruwa za a tsamo shi. A na uku sai bindigar ta ƙyasta kawai ta yi shiru, sanyin raɓa ya shige ta. Baffa ya ce fushi ta yi don an haɗa ta da yara.

Sai Bube ya matso. Ya ce a gidansu tun kakansa, ba a miƙa wa mutum bindiga sai wanda ya ƙera ta ya harba sau uku da hannunsa gaban shaidu. Ya kwantar da tasa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa har ya gama cin goronsa, sannan ya ɗauka. Sau uku ya harba, sau uku ta amsa, hannunsa ko rawa bai yi ba. Da Malam ya karɓa ya jinjina, ya ce tana da nauyi, amma nauyin ya zauna cikin tafi, ba ya jan hannu gaba. Ni ko a lokacin tsaki nake yi a zuci, ina jiran a zo kan tawa.

Zayyanu ya warware ta daga ƙyalle, ta yi walƙiya. Ya ce shi ba maƙeri ba ne, al'adar Bube ba ta hau kansa ba, kuma girma ne mai saye ya buɗe sabon abu da kansa. Ya ɗura ta, ya miƙa wa Malam. To a nan ne idona ya tsaya, Yaya, don da hagu ya miƙa. Gaban Baffa Shittu, gaban malami, mutum ya miƙa abu da hagu. Sai na tuna tun zuwansa hannun damansa na cikin aljihun riga, ko gaisawa da rusunawa kawai ya yi. Mazan ba su lura ba, idonsu na kan ƙarfen. Ni ko shekara nawa ina karatu, na sani in marubuci ya ce wani ya ɓoye hannunsa, ba a banza ya faɗa ba, gaba za ka ji dalili.

Ba ni iya ɗaga murya maza na waje, kuma ba ni da hujja sai zato. Malam ya riga ya gyara tsayuwa. Na kama zanen Inno na ce ta tsai da su, ta kai musu fura, kuma ta fara miƙa wa baƙo. Ta dube ni kamar na zautu, don ni ce na dame ta da yabon bindigar. Na ce ta dubi hannunsa. Ta duba. Sai ta kira Malam da sunan nan nasa da ba ni faɗi, ta ce, "Aje abin ga. Baƙo ya taho tun daga Achida, ba a ba shi ko hura ba, mi za a ce da gidanmu?"

Na cika babban kwanon nan na biki har baki. Inno ta fita da shi a hankali, ta tsaya gaban Zayyanu. Ya ce ya ƙoshi. Baffa Shittu ya ce ba a mai da furar Inno. Zayyanu ya miƙo hagu, Inno ta janye kwanon, ta tambaye shi ko a garinsu da hagu ake bisimilla. Ba shi da mafita. Ya fiddo daman. Babban yatsa da manuni naɗe cikin tsumma, bayan hannun duk ƙuna, fatar ta yi baƙi. Baffa ya tambaye shi mi ya same shi, ya ce murhu. Bube ya kama hannun ya duba, ya ce shekararsa talatin gaban wuta, ya san ƙunar murhu, ya san ta albarushi. Da sunka matsa, sai Zayyanu ya ce biyu ya saro wuri ɗaya, ɗayar ce ta buɗe ta baya da ya gwada, kuma laifinsa ne, ya cika mata ɗuri. Bube ya ce to a ɗaure wagga jikin tsamiya a ja kunamar da igiya daga nesa, kowa ya gani. Zayyanu ya ce ba ya yarda a ɓata masa kaya. Ya naɗe abarsa ya tafi, furar ma bai sha ba.

Ban san ko da ta fashe ba, Yaya, kuma ba zan taɓa sani ba. Wataƙila lafiyarta lau. Abin da na sani shi ne wanda ya fi kowa saninta bai yarda ya sa mata hannu ba, ni kuwa na kusa sa mata hannun mijina don tana kama da abin cikin littafi. Malam ya ɗauki ta Bube. Da ya shigo, sai ya aje ta bisa tabarma kusa da littafina, ya tambaye ni ko jarumin nawa zai iya haƙuri da wagga. Na ce zai iya. Inno ta riga ta gaya masa wadda ta aika da furar.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan yana fita da ita. Sau ɗaya tak ta ƙi tashi, ranar da anka yi yayyafi, Bube ya zo ya goge ta, shi ke nan. Tsuntsayen sun ci gefen gabas kaɗan, sauran na nan, in Allah ya so sati mai zuwa za a sa lauje. In kana da shawara kan yadda ake ajiye ta da tsabtace ta, ka rubuto wa Malam, zai ji daɗi ƙwarai.

Ka gai da Yaya Ruƙayyatu, da Asabe, da Junaidu, ka ce masa Goggonsa na jiran takardar da ya yi alkawari. Baba da Inno da Baffa Shittu duk suna gaishe ka. Buhun sabuwar shinkafa zai biyo motar albasa.

Batun littattafai, na rage, tuwo ya daina ƙonewa. Amma ban daina ba, kuma ba ni da niyya. Kowace safiya in Malam ya dawo daga fadama ni ke zuba masa ruwa ya wanke baƙin albarushi, ina zubawa ina ƙirga yatsunsa a zuci. Yau ma goma ne cif.

Wassalam. Taka ƙanwa mai biyayya,
Safara'u.