Kwafin Ranar Farko

Zuwa gare ka, Mai Tabarau nawa, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake gudowa in rana ta take, mijina na kaina,

Na kama shi! Wallahi na kama ɓarawon batirin nan! Ƙarfe biyu da kwata na rana yanzu, shayina ya huce, ɗankwalina ya zame, abokan aikina sai leƙo ni suke ta saman kwamfutocinsu kamar wadda ta zautu. Ni kuwa ba abin da nake so sai kai ka ji. Kar ka ce "to, madalla" ka koma kan gilasan mutane. Ajiye su, su yi haƙuri da dishi-dishi na minti biyar.

Ka san aikina, ko da yake Hajiyarka har gobe tana gaya wa maƙwabta wai surukarta direbobi take koya wa tuƙi. Nawa direban ba ya riƙe sitiyari. 'Yar manhaja ce a can cikin zuciyar kwamfuta, ita ke gaya wa katin waifai yaushe zai yi aiki, yaushe zai ɗan runtsa kar ya sha batir a banza. Kwamfutar gwajinmu tana kai awa tara lafiya lau. Amma a rufe murfinta ta yi barci, a buɗe ta farka, sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, fanka ta hau kuka, kafin awa huɗu batir ya ce ga garinku nan. Mako uku ina fama da ita.

Ka san me? In kwamfuta ta yi barci ana yanke wa katin wuta, ya manta komai. Shi ya sa direba ke ajiye kwafin saitinsa, ya mayar masa in an farka. Nawa kuwa yana mayarwa daidai, ko harafi bai kuskure ba. To amma wane kwafi? Na lokacin da aka fara kunna na'urar! Lokacin da katin bai saba da kowa ba, idonsa biyu, kullum a tsaye ƙiƙam. Duk abin da aka saita masa daga baya, cewa ya huta in babu saƙo, ba wanda ya adana. Layi biyu kacal na matsar, na ce a ɗau kwafin dab da barci. Na rufe murfi na buɗe har sau ashirin, tana nan da sanyinta ƙalau.

Ina kan na ashirin ɗin maganarka ta faɗo mini, sai da na dafe tebur. Ka tuna Asabar ɗin nan, kwana goma da dawowata daga aikin wata shida? Na jera maka kwanuka biyar, na durƙusa har ƙasa, ina ta "a ƙaro ruwa?", "gishiri ya ji?", ban bar ka ka haɗiye loma biyu a jere ba. Ka cire tabaranka, ka goge da bakin riga, ka mayar, ka ce, "Matata na raka filin jirgi, amarya aka dawo mini da ita." Ni sakarya har da rufe fuska, na ɗauka yabo ne! Sai ka ƙara da cewa, "In haka za ki riƙa dawowa, ina tsoron tafiya ta biyu." Tun ranar kake daɗewa a shago, ni kuma nake ƙara yawan kwanuka.

Wayyo ni! Ashe kwafin makon biki na mayar! Tsoro ne ya kama ni a jirgi, na ce wata shida sun goge komai, na laluba cikin kaina na ɗauko wanda na fi haddacewa. Ina matar da ke miƙe ƙafafunta a cinyarka kan kujerar nan mai yagaggen hannu, kai da jaridarka, ni da aikina, mu yi awa guda ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda ya tsargu? Shekara uku muka yi kafin mu iya wannan shirun. Shi nake kewa, hasken raina, kewar da har ƙirjina ke ciwo, alhali gado ɗaya muke kwana.

Kar ka fara murmushin nan naka na mai gaskiya. Shugabar sashenmu, dattijuwar da ba ta yabon kowa, ta duba gyaran ta ce, "Waya kai biyu gare ta, 'yar nan. Ki mayar wa kati saitinsa, ki mayar wa ɗaya gefen ma, in ba haka ba ɗaya na barci ɗaya na buga ƙofa." To, ɗaya gefen, da kai ake! Yaushe ka fara ce mini "na gode ƙwarai" don na miƙo maka cokali? Wa ya koya maka sallama sau uku a ƙofar ɗakinka? Kai ma ango ka dawo, sai dai naka ba ya kuka irin na fanka.

Ranar Alhamis zan ba ofis amsa kan tafiya ta biyu. Ina son zuwa, ban ɓoye maka ba. Amma ba zan sa hannu ba sai ka kalle ni ka ce hankalinka ya kwanta. Na yi maka alkawari, wannan karon yadda muke ranar rabuwa shi zan tafi da shi, da gajiyarmu da tsiyarmu, shi kuma zan dawo maka da shi ba ragi ba ƙari.

Yau ƙarfe biyar ina gida, hannu rabbana, kuma ba zan dafa komai ba. Ka rufe shago da wuri. Ka cire safarka ka yar a tsakiyar falo, don Allah ka yar, in shigo in balbale ka da faɗa har maƙwabta su ji. In ka rama, na san mijina ya dawo.

Taka ce ni a barci da farke, a nesa da kusa, har ranar da numfashi zai ƙare,

Matarka, ba amaryarka ba.