Ni na ba ƙanwata jini, mijinta ne ya manna filasta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana don girman Allah, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina yawo da wata magana a cikina, ko abinci na kai baki sai in ji ya fita raina.

Ni bakanike ne, ina gyaran babura a nan Birnin Gwari. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Zulai, mijinta kuma Sabi'u, ba sunayensu na gaskiya ba ne. Ni da Sabi'u ƙungiyar ƙwallo ɗaya muke a unguwa, ni ina tsaron baya shi yana gaba, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron ya iya. A filin nan muka saba har ya ga Zulai ya ce yana so, ni ne ma na tsaya masa wajen Baba lokacin da ake cewa ba shi da natsuwa.

Ranar wata Asabar da hantsi ina cikin kwance injin wani babur sai ga kiran Sabi'u, wai in zo asibiti, Zulai ta haihu amma jini ya ɓalle mata, an ce a kawo wanda zai bayar. Iyayenmu suna ƙauye can wajen Dogon Dawa, kuma wanda ya san hanyar dajin nan ya san ba a ce wa mutum taso yanzu-yanzu, sai an ji labarin hanya tukuna. Ke nan a garin nan daga ni sai shi. Ko hannu ban tsaya wankewa ba na hau babur. Na same shi a bakin leb, ɗakin gwajin jini, na tambaye shi ko ya bayar, ya ce an gwada nasa bai dace da nata ba. Ban kawo komai a raina ba, na shiga aka gwada ni, aka ɗebi leda guda. Ma'aikacin leb ɗin ya manna mini auduga da filasta, ya ce in sha ruwa sosai, in ci abinci, kada in yi aikin ƙarfi sai gobe. Alhamdulillahi kafin azahar aka ce ta farfaɗo, ita da jaririyar suna lafiya. Da na zo alwala na ɓare filastar na yar, don ni ban ga abin nunawa a ciki ba.

To ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Ranar muna da wasan kusa da na ƙarshe a gasar unguwanni, bayan la'asar. Koci ya yi ta kira na, wai masu tsaron bayanmu biyu sun tafi gona ba su dawo ba, in taimaka ko rabin lokaci ne. Ni da taurin kai, fura kawai na sha, na ɗauki takalmina na tafi. Ina isa wa zan gani? Sabi'u, har ya sa riga yana ɗumama jiki, matarsa na kwance a gadon asibiti ana mata ƙarin jini. Wannan ma ya ba ni haushi amma na haɗiye. Sai na hangi farar filasta da auduga a gwiwar hannunsa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, na ce a raina wataƙila wajen gwajin ne.

Minti ashirin ban cika ba na fara jin kunnuwana suna toshewa, ihun 'yan kallo kamar daga cikin rijiya. Zufa mai sanyi ta keto mini, ƙwallon ta taho ina ganinta biyu, na ɗaga ƙafa ke nan sai duhu. Na farka a gefen fili an tuɓe mini riga, wani na kwara mini ruwan leda, wani na yi mini fifita da kwali, wani tsoho na tofa mini addu'a wai iska ce. Na yi amai a gaban jama'a, furar nan duka ta dawo a kan takalmina. A nan kwance nake jin wani ɗan kallo yana cewa, "Kai, dubi ƙato ya zube kamar buhun masara! Ga Sabi'u can yau ya ba matarsa jini leda guda amma yana ta zuba gudu." Wani ya ce ai jini jini ne, wani nasa ruwa ne. Aka yi ta dariya. Na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗuwa. Sabi'u ya ci ƙwallo a wasan, kuma da ya ci ɗin, hannun nan mai filasta ya ɗaga wa jama'a.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa mutane ne suka ƙirƙira, shi bai faɗa ba. Sai ranar suna, aka sa wa jaririyar Amira, su Baba sun samu sun iso, bayan an shafa fatiha Baba ya kamo hannun Sabi'u a gaban mutane yana sa masa albarka, wai ya ji abin da ya yi wa 'yarsa, Allah ya saka masa. Wallahi Sabi'u sunkuyar da kai kawai ya yi yana cewa amin, amin Baba. Inna ta kawo masa zuma da zogale daga ƙauye wai ya mayar da jini, abokai sun tara masa malt da madara, ya zauna ya shanye abinsa. Har a ranar filastar tana nan, sabuwa fil, kwana bakwai. Wane irin hujin allura ne ba ya warkewa a kwana bakwai?

Shekaranjiya ma'aikacin leb ɗin nan ya kawo mini babur ɗinsa gyara, ya gane ni, ya tambayi jikin mai jego. Cikin hira na ce masa ai Allah ne ya taimaka jinina ya dace tunda na mijin bai yi ba. Sai ya tsaya yana kallona, ya ce wane miji? Ya ce ai mutumin nan ko yatsa bai yarda an huda masa ba, sun yi ta fama da shi ya ƙi, wai yana da wasa da yamma, kuma wai ya ji an ce namijin da ya ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa daidai. Ya ce bayan na fita ne ya dawo ya roƙi auduga da filasta, wai ƙaya ce ta soke shi. Jama'a, sai da na ajiye sifanar da ke hannuna na zauna a ƙasa.

Da yamma na tare Sabi'u a bayan masallaci. Da farko ya musa, da na ambaci ma'aikacin sai ya fara hawaye, wai tsoron allura yake tun yana yaro, wai kunya ce ta sa ya manna filastar don kada dangina su raina shi, maganar kuma ta fi ƙarfinsa. Ya durƙusa yana cewa Yaya ka rufa mini asiri, in Baba ya ji auren nan ya mutu. Na ce masa tsoron allura ba laifi ba ne, da ka faɗa mini da na yi maka uzuri, amma ka tsaya kana lissafin ƙwallo matarka tana zubar da jini, sannan ka sha zumar uwata? Sai ma ya tambaye ni ko zan buga wasan ƙarshe. Na tofar da yawu na tafi.

Ni ba godiya nake nema ba, Allah ya sani, ƙanwata ce, ko leda goma ne zan bayar. Dariyar da aka yi mini a fili ma na yafe. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ya faru jiya da na je duba Zulai. Ta ce likita ya gargaɗe ta cewa in Allah ya kawo wani cikin, dole a tanadi mai ba da jini tun kafin ranar haihuwa, don irin wannan yana iya maimaituwa. Na ce to sai a fara shiri da wuri. Ta yi murmushi tana gyara wa jaririyar zani, ta ce, "Yaya kada ka damu, ai ni Allah ya hutar da ni, nawa yana cikin gida, jininmu ɗaya da Baban Amira. Kai dai ka rage ƙwallon nan, an ce har suma ka yi, ka ga shi da ya bayar ma bai faɗi ba."

Na ce mata to, na fito. Aikina yakan kai ni ƙauyuka sayen tsofaffin babura, wani lokaci in kwana biyu inda ko sabis babu, hanya kuma sai yadda ta yiwu. In ranar ta zo ba na gari fa?

In na faɗa mata, mace mai ɗanyen jego, ban san abin da zai same ta ba, kuma ni ne zan zama wanda ya kashe auren da na ƙulla da hannuna. In na kai wa Baba, na san halinsa, ranar zai ce ta haɗa kayanta. In kuma na yi shiru, na bar ta ta jingina ranta da mutumin da ko rukunin jininsa babu wanda ya sani. Na yi tunanin in ba shi mako guda, ko ya faɗa mata da bakinsa ya bi ni leb a gwada shi a gabana, ko ni in faɗa. Amma mutumin da ya iya canza filasta kwana bakwai, me zai hana ya sake shirya wata ƙaryar?

Don Allah iyaye mata da ke cikin zauren nan, ku na fi so in ji. Da ke ce a kan gadon nan, za ki so yayanki ya faɗa miki, ko ya bar ki da murmushinki?